Tarihin Sinadaran Katod na Batirin Litiyam

Gabatarwa

Batirin litiyam ne ke riƙe da wutar wayar salula da kwamfutar tafi-da-gidanka da fitilar sola da motar lantarki. Sunansa ya sa mutane da yawa ke zaton litiyam ne ya fi yawa a cikinsa, alhali kuwa a sinadarin da aka fara kai wa kasuwa a shekarar 1991, litiyam kashi 7 ne kacal cikin ɗari na nauyi, ƙarfen kobalt kuma ya kai kashi 60. Wannan sinadari da litiyam ke zaune a cikinsa shi ake kira katod. Shi ne ɓangare mafi tsada a cikin batir, kuma shi ne ke da babban tasiri a kan yawan wutar da batir zai riƙe, da daɗewarsa, da kuma hatsarin kamawarsa da wuta.

Wannan maƙala ta bibiyi yadda aka gano manyan sinadaran katod daga shekarar 1972 zuwa yau. Tarihin ya nuna cewa kowane sinadari da aka samo ya warware wata matsala, ya kuma buɗe ƙofar wata. Ya kuma nuna cewa wurin da aka yi bincike daban, wurin da aka ci riba daban, wurin da ake tono ma'adinin shi ma daban.

Ma'anar Katod da Yadda Yake Aiki

Kalmomin anod da katod sun fito ne daga harshen Girka. Masanin kimiyya na Ingila, Michael Faraday, shi ya shigar da su cikin rubuce-rubucen kimiyya a shekarar 1834 bisa shawarar William Whewell. Asalin ma'anar anod ita ce hanyar hawa, katod kuwa hanyar gangara. A batir, katod shi ne gefen da ke ɗauke da alamar tarawa, anod kuma gefen da ke da alamar ɗebewa. A tsakaninsu akwai ruwan batir da wata siririyar fata mai hana ɓangarorin biyu taɓa juna.

Idan ana amfani da batir, ƙwayoyin litiyam kan bar anod su ratsa ruwan batir su shiga katod. Kowace ƙwaya kan saki ilektiron ɗaya kafin ta tashi, shi kuma ilektiron ɗin ba ya iya bin ruwa, sai ya zagaya ta cikin waya. Wannan zagaye shi ne wutar da ke kunna na'ura. Idan aka sa caji, sai tafiyar ta juya, litiyam ya fita daga katod ya koma anod.

Ke nan katod tamkar zango ne da fatake ke sauka su tashi. Ana son zangon ya ɗauki baƙi da yawa, ƙofofinsa su zama a buɗe don shiga da fita cikin sauri, kuma kada gininsa ya rushe idan baƙin suka watse, ko da sun yi zuwa da komawa sau dubu. Akwai kuma ƙarfin turin wuta, wanda ake aunawa da bolt. Kamar yadda ruwan da ya gangaro daga tudu mai tsawo ya fi ƙarfi, haka katod mai yawan bolt ke ba da aiki mai yawa daga kowace ƙwaya ta litiyam. Batirin darma na mota, wanda Gaston Planté ya ƙirƙira a Faransa a 1859, bolt 2 yake bayarwa a kowane gida. Na nikel da kadmiyam bolt 1.2 ne.

Shi kansa litiyam, Johan August Arfwedson ne ya gano shi a ƙasar Suwidin a 1817. Babu ƙarfen da ya kai shi rashin nauyi, har yana iya yawo a saman ruwa, kuma yana saurin sakin ilektiron ɗinsa. Waɗannan halaye biyu ne suka sa masana suka kwaɗaitu da shi, amma saurin sakin ilektiron ɗin ne kuma ke sa shi saurin kamawa da wuta idan ya haɗu da ruwa ko iska.

Tsadar Man Fetur da Batirin Exxon

A farkon shekarun 1970 manyan kamfanonin mai sun fara fargabar cewa rijiyoyinsu za su ƙafe. Kamfanin Exxon na Amurka ya ɗauki masana aiki don su nemo wasu hanyoyin makamashi. Cikinsu akwai Stanley Whittingham, haifaffen Ingila, wanda ya yi karatu a Oxford, ya yi bincike a jami'ar Stanford, sannan ya shiga Exxon a 1972. Da ƙasashen Larabawa suka taƙaita sayar da mai a 1973, farashi ya yi tashin gwauron zabo, aikin nasa ya ƙara samun gata.

Whittingham ya yi aiki da wani sinadari na titaniyam da farar wuta. Ginin ƙwayoyinsa hawa-hawa ne, kamar shafukan littafi, kuma litiyam na iya shiga tsakanin shafukan ya fita ba tare da ya yaga su ba. Wannan ce dabarar da dukkan batiran litiyam na yau suka gada. Ya haɗa wannan katod da anod na tsantsar ƙarfen litiyam, ya samu batir mai ba da sama da bolt 2, ya kuma wallafa sakamakon a mujallar Science a 1976.

Sai dai matsaloli biyu sun taso. Sinadarin na lalacewa idan ya sha danshi, har ya fitar da iska mai wari da guba. Babbar matsalar kuwa tana wajen anod: duk lokacin da aka yi caji, litiyam kan taru a kansa yana tsiro kamar ƙaya, har ƙayar ta huda fatar da ke tsakani ta taɓa katod, wuta ta tashi. An sha samun gobara a ɗakin binciken. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, Exxon ya janye hannunsa. Wani kamfani na Kanada, Moli Energy, ya ci gaba da sayar da batir mai tsantsar litiyam, har sai da wata wayar hannu ta kama da wuta a Japan a 1989, aka janye batiran daga kasuwa, kamfanin ya durƙushe.

Goodenough da Kobalt

An haifi John Goodenough a birnin Jena na Jamus a 1922, iyayensa Amurkawa ne. Ya yi aikin hasashen yanayi a rundunar sojan Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi digirin digirgir a fannin fiziks a Chicago, sannan ya shafe shekara 24 a ɗakin bincike na Lincoln da ke ƙarƙashin MIT yana nazarin ƙarafan da suka haɗu da oksijin. A 1976 aka ba shi shugabancin wani ɗakin binciken kimiyyar sinadarai a Oxford.

Wannan dogon sani ne ya nuna masa inda gizo ke saƙa. Farar wuta ba ta riƙe ilektiron ɗinta da ƙarfi, saboda haka akwai iyakar bolt da katod mai farar wuta ba zai iya wucewa ba. Oksijin ya fi ta riƙo, don haka katod na ƙarfe da oksijin zai iya kai wa sama. Shi da abokan aikinsa uku, Koichi Mizushima na Japan da Philip Jones da Philip Wiseman, suka gwada ƙarafa daban-daban, kobalt ya fi dacewa. A 1980 suka wallafa bayanin sinadarin litiyam da kobalt da oksijin, wanda ake taƙaita sunansa da LCO. Ya ba da kusan bolt 4, wato kusan ninki biyu na batirin Exxon.

LCO na da wata fa'ida da ba a fahimci girmanta ba a lokacin. Tun daga masana'anta yana ɗauke da litiyam a cikinsa. Wannan na nufin ana iya harhaɗa batir babu caji, kuma ba sai an sa tsantsar ƙarfen litiyam a anod ba, muddin an sami wani abu da zai karɓi litiyam ɗin idan ya fito. Aibinsa kuwa shi ne kusan rabin litiyam ɗin kawai ake iya cirewa lafiya. Idan aka zarce haka, ko batir ya yi zafi ƙwarai, ginin kan raunana ya saki oksijin, oksijin ɗin kuma ya zama abincin wuta a cikin ruwan batir mai saurin kamawa.

Jami'ar Oxford ba ta yarda ta biya kuɗin rajistar mallakar wannan ƙirƙira ba. Goodenough ya sa hannu ya miƙa haƙƙin ga cibiyar binciken makamashin nukiliya ta gwamnatin Birtaniya da ke Harwell. Da kuɗi suka fara shigowa bayan shekaru, cibiyar ce ta karɓa, shi bai samu ko sisi daga wannan haƙƙi ba.

Japan Ta Kai Shi Kasuwa

A Japan masu ƙera kayan lantarki na neman ƙaramin batir mara nauyi don na'urar ɗaukar bidiyo da wayar hannu. Akira Yoshino na kamfanin Asahi Kasei ya ci karo da maƙalar Goodenough a ƙarshen 1982, daidai lokacin da yake neman katod mai ɗauke da litiyam. Bayan gwaje-gwaje, a 1985 ya haɗa LCO da anod na wani nau'in gawayi da ake samu daga tace man fetur. Litiyam na shiga cikin gawayin ya zauna, ba ya taruwa a waje ya yi ƙaya. A 1986 ya gwada amincin batirin a wurin da ake gwajin abubuwa masu fashewa: ya sako dunƙulen ƙarfe a kansa, bai kama da wuta ba, amma da aka yi wa mai tsantsar litiyam haka sai ya tarwatse.

A ɓangaren anod akwai gudummawar ɗan Afirka. Rachid Yazami, haifaffen birnin Fas na Maroko, ya nuna a Grenoble ta Faransa a farkon shekarun 1980 cewa litiyam na iya shiga garafait ya fita ta hanyar lantarki. Garafait, wato baƙin abin da ke cikin fensir, shi ne anod na mafi yawan batiran yau.

Kamfanin Sony ne ya fara fitar da batirin kasuwa a 1991 a ƙarƙashin jagorancin injiniya Yoshio Nishi, bayan ya karɓi lasisi daga Harwell. A shekara mai bi Asahi Kasei da Toshiba suka haɗa gwiwa suka shiga sana'ar. Binciken da aka fara da kuɗin kamfanin mai na Amurka, aka inganta a jami'ar Ingila, sai ga shi masana'antun Japan ne suka mamaye kasuwarsa na tsawon shekaru goma. Har yau LCO ne ke cikin mafi yawan wayoyin salula, domin yana tara wuta mai yawa a ƙaramin wuri.

Manganis da Ginin Sifinel

Tun kafin Sony ya fitar da batirinsa masana sun san kobalt na da tsada da ƙaranci. Michael Thackeray, wani masani daga cibiyar binciken kimiyya ta Afirka ta Kudu da ke Pretoria, ya zo ɗakin binciken Goodenough a 1981 da wata shawara. Yana son gwada sinadarai masu ginin da ake kira sifinel, inda babu shafuka sai ramuka da suka ratsa juna ta kowace fuska. Ana ganin ramukan sun yi ƙanƙanta, litiyam ba zai sami wurin shiga ba. Gwaji ya nuna yana shiga. A 1983 Thackeray da Bill David da Peter Bruce da Goodenough suka wallafa bayanin sifinel na litiyam da manganis.

Manganis na da araha, ba shi da guba kamar kobalt, kuma ramukan na barin litiyam ya yi saurin shiga da fita. Shi ya sa motocin lantarki na farko da aka sayar da yawa, Nissan Leaf da Chevrolet Volt, waɗanda suka fito a ƙarshen 2010, suka dogara da shi. Amma kowane allazi da nasa amanu. Ba ya riƙe wuta kamar LCO, kuma idan zafi ya yi yawa manganis kan narke a hankali cikin ruwan batir, ƙarfin batirin ya riƙa raguwa. Masu motocin Leaf na farko a jihar Arizona mai tsananin zafi sun koka da saurin tsufan batirinsu.

Ƙarfe da Fosfet

A 1986 Goodenough ya koma jami'ar Texas da ke Austin. A can, shi da Arumugam Manthiram, masani ɗan asalin Indiya, suka gano cewa idan aka ɗaure oksijin da wani sinadari kamar farar wuta, ƙarfen da ke kusa da shi kan ba da bolt fiye da yadda ya saba. Wannan ya buɗe hanyar amfani da baƙin ƙarfe, wanda ya fi kowane ƙarfen masana'antu araha. Ɗalibinsa Akshaya Padhi ya bi wannan hanya har ya kai ga sinadarin litiyam da ƙarfe da fosfet, wato LFP, aka wallafa bayaninsa a 1997. Gininsa irin na dutsen olibin ne, inda litiyam ke bin dogayen ramuka miƙaƙƙu.

LFP na ba da bolt 3.4, ƙasa da na kobalt, don haka batirinsa ya fi girma da nauyi idan ana son wuta daidai da ta LCO. Amfaninsa shi ne fosfet na riƙe oksijin kam-kam, ba ya sakinsa da sauƙi ko da batir ya yi zafi, kuma yana jure caji sau dubbai. Da farko ba a ɗauke shi da muhimmanci ba saboda lantarki ba ya ratsa shi sosai. Michel Armand ɗan Faransa da abokan aikinsa a Montreal, tare da kamfanin lantarki na Hydro-Québec, su suka warware wannan ta hanyar lulluɓe kowace ƙwayar garin sinadarin da siririn kabon. Niƙe garin ya yi laushi ƙwarai shi ma ya taimaka.

Da wannan binciken, manyan iyalan katod guda uku, wato mai shafuka da sifinel da olibin, duk sun fito ne daga ɗakunan binciken da Goodenough ya jagoranta. Kasuwar LFP a Yammacin duniya kuwa ta sha fama da shari'o'in mallakar fasaha. Kamfanin A123 na Amurka, wanda aka kafa a 2001 don ƙera shi, ya karye a 2012, kamfanin Wanxiang na ƙasar Sin ya saye shi a 2013. A Sin ɗin, masana'antu sun yi ta ƙera LFP don amfanin cikin gida ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, suka sa shi a motocin bas masu lantarki, suka ƙware a kansa.

Gauraya Nikel da Manganis da Kobalt

Masu ƙera motoci na son batirin da zai yi tafiya mai nisa, kuma mota ɗaya na cin batir daidai da na dubban wayoyi. Motar Tesla Roadster ta 2008 na ɗauke da ƙananan batura 6,831 masu katod na kobalt. Sai aka koma ga ginin mai shafuka, aka nemi a rage kobalt a cikinsa. Wajen shekarar 2001 rukunin masana uku suka kai ga gaurayen nikel da manganis da kobalt, wato NMC: Tsutomu Ohzuku a Osaka, da Jeff Dahn a jami'ar Dalhousie ta Kanada, da Thackeray wanda a lokacin ya koma cibiyar Argonne ta Amurka.

A wannan gauraye kowane ƙarfe da aikinsa. Nikel na ƙara yawan wutar da ake tarawa, manganis na ƙarfafa ginin, kobalt kuma na daidaita shafukan don litiyam ya wuce cikin sauƙi. Lambobin da ake liƙa wa sunan na nuna rabon kowane ɗaya. NMC 111 na nufin kashi daidai wa daida. Daga nan aka yi 532, aka yi 622, har aka kai 811, inda nikel ke da kashi takwas cikin goma, kobalt kashi ɗaya. Kamfanin Panasonic ya bi wata hanya makamanciya, ya gauraya nikel da kobalt da alminiyam, wanda Tesla ya sa a motarsa Model S a 2012. Yawaita nikel na da nasa hatsarin, domin yana sa katod saurin sakin oksijin idan ya yi zafi.

Batun wuta bai taɓa barin wannan tarihi ba. A 2006 an janye miliyoyin batiran kwamfuta na Sony daga kasuwa. A watan Janairun 2013 hukumomi suka dakatar da tashin dukkan jiragen Boeing 787 na tsawon watanni bayan batiransu masu katod na LCO sun ƙone a jirage biyu.

Inda Kobalt Ke Fitowa

Kimanin kashi 70 cikin ɗari na kobalt da ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, daga tsohon lardin Katanga da ke kudu maso gabas, musamman kewayen Kolwezi da Likasi. Yawanci ana samunsa ne tare da tagulla. Kamfanin Union Minière na Beljiyam, wanda aka kafa a 1906, shi ya riƙe ma'adinan yankin a zamanin mulkin mallaka, har gwamnatin Mobutu ta ƙwace su a 1967, aka kafa kamfanin gwamnati da daga baya aka sani da Gécamines.

Duniya ta ga hatsarin dogaro da wuri ɗaya tun kafin a san LCO. A watan Mayun 1978 ƴan tawaye daga Angola suka kama Kolwezi, sai da sojojin lema na Faransa da Beljiyam suka fatattake su, farashin kobalt kuma ya ninka sau da dama. Shekara biyu bayan haka aka wallafa maƙalar Oxford. Da Gécamines ya durƙushe a shekarun 1990, ga yaƙe-yaƙe, dubban mutanen da suka rasa aiki suka koma tono da hannu, da diga da shebur, a ramuka masu zurfi marasa tokari. A 2014 aka gano ma'adinin a ƙarƙashin gidajen unguwar Kasulo ta Kolwezi, mutane suka shiga haƙa rami a tsakar gidajensu.

A watan Janairun 2016 ƙungiyar Amnesty International da ƙungiyar Afrewatch ta Kwango suka fitar da rahoto da ya bi sawun wannan kobalt daga ramuka zuwa kasuwannin dillalai, zuwa matatu a Sin, har cikin kayan manyan kamfanonin waya da motoci. Rahoton ya ce kusan kashi 20 cikin ɗari na kobalt ɗin ƙasar masu tono da hannu ne ke samar da shi, ya kuma ambato ƙiyasin UNICEF na cewa yara kimanin 40,000 ne ke aiki a ma'adinan kudancin ƙasar a 2014. A watan Yunin 2019 fiye da masu tono 40 suka mutu lokacin da ƙasa ta rufta da su a wani babban ramin haƙa kusa da Kolwezi. Kusan kashi uku cikin huɗu na kobalt ɗin duniya a Sin ake tace shi, a can ne kuma darajarsa ke ninkawa. Karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ta dace da halin mai tono a Kolwezi fiye da kowa a wannan sana'a.

Dawowar LFP

A watan Maris na 2018 farashin tan ɗaya na kobalt ya kai kusan dalar Amurka 95,000. Tsada da kuma abin kunyar da rahotanni suka fallasa suka sa kamfanoni hanzarta rage shi. Komawa ga nikel ya kai matsalar wani wuri: Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel daga watan Janairun 2020, aka gina manyan matatu masu amfani da wutar kwal a tsibirin Sulawesi, aka sare dazuzzuka, ƙasar kuma ta zama mai samar da fiye da rabin nikel na duniya. A watan Maris na 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, farashin nikel ya haura dala 100,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan, har aka dakatar da cinikinsa.

A wannan yanayi ne LFP, wanda aka raina saboda nauyinsa, ya dawo. Kamfanonin Sin, CATL da BYD, sun sauya yadda ake jera batura a cikin mota don rage wurin da ake ɓatawa, abin da ya rufe wani ɓangare na giɓin da ke tsakaninsa da NMC. BYD ya fitar da batirinsa na Blade a 2020, a shekarar ce kuma Tesla ya fara sa LFP a motocin da yake ƙerawa a Shanghai. Manyan takardun mallakar fasahar sun ƙare a 2022. Alƙaluman Hukumar Makamashi ta Duniya sun nuna cewa kason LFP a batiran motocin lantarki bai kai kashi 10 cikin ɗari ba a 2020, amma ya haura kashi 40 a 2023. Shi ne kuma ya fi yawa a manyan batiran ajiyar wutar sola. Kusan dukkan LFP na duniya a Sin ake ƙera shi.

Wannan sauyi ya juya wa Kwango matsalarta. Haƙa ya ƙaru, buƙata ba ta bi shi ba, farashi ya faɗi warwas, har a watan Fabrairun 2025 gwamnatin Kinshasa ta dakatar da fitar da kobalt na wasu watanni don ta ɗaga darajarsa.

Rabon Sauran Ƙasashen Afirka

Kusan kowane sinadarin katod na da tushe a Afirka. Afirka ta Kudu da Gabon na cikin manyan masu samar da manganis, Gana ma na haƙo shi a Nsuta tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Maroko na da kimanin kashi 70 cikin ɗari na fosfet da aka sani a duniya. Ana haƙo litiyam a Bikita ta Zimbabuwe da Goulamina ta Mali, an kuma buɗe masana'antar sarrafa dutsensa a jihar Nasarawa ta Najeriya a 2024. Wasu gwamnatoci sun fara neman kada arzikin ya fita ɗanye. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen dutsen litiyam a watan Disambar 2022, Kwango da Zambiya kuma suka rattaba hannu kan yarjejeniyar haɗa gwiwa wajen sarrafa kayan batir a watan Afrilun 2022. Abin da tarihin kobalt ya koyar shi ne, ƙasar da ta tsaya ga sayar da dutse tana hannun masu bincike da masu masana'antu, domin ranar da suka sauya katod, kasuwarta ta sauya ba tare da an shawarce ta ba.

Kammalawa

A ranar 9 ga Oktoban 2019 aka sanar da cewa Whittingham da Goodenough da Yoshino sun lashe kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai. Goodenough na da shekara 97 a lokacin, babu wanda ya taɓa karɓar kyautar da yawan shekaru kamarsa. Ya rasu a watan Yunin 2023 yana da shekara 100. Wani nazari na jami'ar MIT ya nuna cewa farashin batirin litiyam ya faɗi da kusan kashi 97 cikin ɗari tun daga 1991, wannan ne ya sa waya da fitilar sola suka isa ƙauyukan da turakun lantarki ba su kai ba.

Cikin shekaru hamsin an tashi daga titaniyam da farar wuta zuwa kobalt, daga kobalt zuwa manganis da nikel, sannan zuwa ƙarfe da fosfet. Ba a sami katod ɗaya da ya haɗa yawan wuta da aminci da araha ba, shi ya sa waya ke amfani da LCO, motar dogon zango ke amfani da NMC, motar cikin gari da ajiyar sola kuma ke amfani da LFP. Bincike na yanzu ya karkata ga ƙara manganis a cikin LFP don ɗaga bolt ɗinsa, da kuma batirin sodiyam wanda CATL ya gabatar a 2021, wanda ba ya buƙatar litiyam ko kobalt. Duk wanda ya yi nasara a cikinsu zai ɗaga darajar wani ma'adini ya karya ta wani, kuma mutanen da ke zaune a kan waɗannan ma'adinai su ne za su fara ji a jikinsu, kamar yadda mutanen Kolwezi suka ji.